Alif Mai Warin Ruɓaɓɓen Ƙwai

Ni girki da ɗinki na karanta a kwaleji, kuma ban taɓa jin kunyar faɗar haka ba. Na iya yanka riga ba tare da na auna mutum sau biyu ba, na san abin da ke sa kek ya tashi da abin da ke sa ya kwanta. Kemistiri kuwa rabona da shi tun ina 'yar sakandare, kuma ko a lokacin ba rabuwar arziki muka yi ba. Duk da haka sai da na wayi gari ana kirana malamar kemistiri a wata makarantar 'yan mata a Kaura Namoda.

Jiharmu ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba a lokacin, komai nata sabo ne, ma'aikata kuma ba su ishe ta ba. Da aka ƙaddamar da Shari'a sai aka ce a hankali za a kwashe malamai maza daga makarantun 'yan mata. Mu a wurinmu "a hankali" ɗin bai wuce mako uku ba. Takarda ta zo, malamin kemistirinmu yana cikin waɗanda aka mayar makarantar maza a Shinkafi. Kirista ne, iyayensa mutanen kudu, amma a unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa ta Kaura aka haife shi. Idan yana Hausa ka rufe ido, ka rantse bai taɓa ƙetare gulbi ba. Ni da nake 'yar Zurmi gaba da baya, yakan gyara mini magana, ina jin haushi, ina kuma ɗauka.

Kwana biyu kafin ya tafi shugabar makaranta ta aika a kira ni. Hajiya ce mai jiki, mai sanyin murya, wadda ba ta taɓa roƙon mutum abu ya fita ofishinta bai ɗauka ba.

"Malama, zamna," ta ce. "Kin san 'yan aji biyar na kimiyya, ɗiya goma sha tara. An ce duk ajin da bai da malami a rushe shi, a zuba ɗiyan cikin 'yan adabi. Sufeto na nan tahe kahin ƙarshen zango. In yaz zo bai ishe mai koyar da kemistiri ba, ajin ga ya mutu."

Na san yaran ɗaya bayan ɗaya, don ni ke koya musu ɗinki ranar Laraba. Kusan dukansu aikin asibiti suke so, wasu jinya, wasu unguwarzoma, biyu ko uku masu dogon buri suna cewa likita. A garin ma maganar da ake yi ke nan, cewa mata su riƙa duba mata a asibiti, ba wanda ke tambayar daga ina matan za su fito. Kuma babu makarantar aikin lafiya da za ta kalli takardar yarinya idan babu kemistiri a ciki.

"Hajiya, ni hwa girki nik karanta," na ce.

"Yo mi na girki in ba haɗe-haɗe ba? Ki zuba wanga bisa wanga, ki aza ga wuta."

Da a nan aka tsaya, da na ba ta haƙuri na fita. Sai malamar lissafi, wadda ke zaune a gefe tana cike rajista, ta yi 'yar dariya ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce, "Hajiya, kemistiri hwa ba tuwo na ba." Ni kuma Allah ya yi ni da wani hali da ya sha ja mini wahala: a ce ba zan iya abu ba, ko rijiya ce sai na faɗa. Na miƙa hannu na ce a ba ni jadawalin ajin.

Ranar da malamin zai tafi, an riga an ɗaure kayansa a bayan akori-kura a bakin ƙofar makaranta. Ya ce wa direba ya ba shi rabin awa, ya zauna da ni a ɗakin malamai da guntun alli da bayan wata tsohuwar kalanda. Darasin da ajin ya tsaya a kai shi ne bitar yadda ake rubuta fomula da yadda ake raɗa wa sinadarai suna.

"Malama, kak ki tsorata," ya ce. "Kowane sinadari hannuwa garai. Alminiyam, wanda aka zubin tukunya da shi, hannu uku garai. Salfa, hwarar wutag ga da aka saidawa kasuwa, hannu biyu. In za su haɗuwa, tilas kowane hannu shi samu na riƙewa, ba a barin ko guda shina reto. To ƙaƙa za a yi? Ki ɗauki ukun wanga ki ba wancan, ki ɗauki biyun wancan ki ba wanga."

Ya rubuta Al₂S₃. Ya nuna mini da yatsa: alminiyam biyu, hannu shida; salfa uku, hannu shida; kowa ya riƙe kowa. Wallahi wani daɗi ya rufe ni. Ashe abin da ake ta tsorata mu da shi ke nan? Wannan ai bai kai haɗa hannun riga wuya ba.

"Sai dai ki yi hattara da wutsiyas suna," ya ce, "don akwai wasu 'yan'uwa nai da…"

Direba ya kwanta a kan oda. Malamin ya miƙe, ya ba ni makullin ɗakin gwaji da littattafai biyu, ya faɗa mini lambar shafin da zan karanta, ya ce in na rikice in aika masa Shinkafi. Na ce ya tafi lafiya, babu abin da zai rikita ni.

Shafin da ya ce in karanta, gara ta riga ni karanta shi, ta bar mini gefe-gefe. A abin da ya rage na tarar da sunaye uku a jere: alminiyam salfayid, alminiyam salfayit, alminiyam salfet. Kowanne da fomularsa a gaba, na farko gajere irin wanda aka koya mini, sauran biyun dogaye, da baka biyu da harafin O a ciki. Can ƙasa kuma wani layi da ya tsira ya ce alminiyam salfet shi ne abin da ake jefawa a ruwa ya kwantar da laka. Wato alif, wanda kowace mace a Zurmi ke da ƙullinsa a kan randa.

Na zauna na yi tunani irin na gidanmu. Mahaifina alƙali ne, gidanmu gidan malamai, na tashi ina jin manya suna gardama a kan kalma ɗaya daga azahar har la'asar. Na san Bakano yana cewa tafi, mu muna cewa tahi, kuma duk tafiyar ɗaya ce. Na duba littattafan nan biyu na ga ko salfar ma ba su yarda da juna ba wajen rubuta ta, ɗaya ya sa harafi biyu a tsakiya, ɗaya harafi guda. Sai na ce shi ke nan, na gano. Turawa ma suna da Kanonsu da Zamfararsu. Salfayid, salfayit, salfet, abu ɗaya ne, bakin gari ne ya bambanta. Dogayen fomulolin kuwa cikakken suna ne, irin wanda ake rubuta wa mutum har da na uba da na kaka, gajeren shi ne wanda ake kiransa da shi a gida. Na rufe littafi ina mamakin kaifin kaina.

Ranar Litinin na shiga ajin da sabon lulluɓi. Na yi musu bayanin hannuwa, na rubuta Al₂S₃ ɓaro-ɓaro a allo, sannan na juyo.

"Abin ga da uwayenku ka sakawa ga ruwa shi kwanta, mi kuka ce mai?"

'Yan Zurmi suka ce alif. 'Yan cikin Kaura suka ce alam. Monitar ajin, wata doguwar yarinya 'yar Jangeru mai ƙarancin magana, ta ce su can wajen iyaka lalam suke cewa. Wata da ta yi zaman Kano ta ce alimun.

"To kun gani," na ce. "Suna huɗu, abu guda. Hakanan Turawa. Wani shi ce salfayid, wani salfayit, wani salfet. Duk alif na. Ku riƙe gajeren, shi ya hi sauƙin rubutu."

Ajin ya yi tsit. Ban taɓa ganin yara sun nutsu haka ba, ko a darasin ɗinki da suke so. Suka sunkuyar da kai suna rubutu, ni kuma na ce a raina, ashe shekara da shekaru malamar da ta iya saukar da abu ƙasa suke nema. Da na fito na bi ta gaban malamar lissafi a hankali, don ta ga allin da ke hannuna.

Mako biyu muna haka. Sai Hajiya ta ce an aiko, sufeto zai zo ranar Talata ta sama, kuma an ce mutum ne mai son ya ga ana gwaji, ba surutu a gaban allo kawai ba. Na buɗe ɗakin gwaji na tarar da kwalabe a jere, rabinsu babu komai a ciki, rabin kuma rubutun jikinsu ya goge. Damina ce, gulbin Gagare ya kawo ruwa jawur. Dabara ta faɗo mini: in sa a ɗebo ruwan gulbi, in jefa alif a gaban sufeto, ruwa ya yi garau, in nuna fomula a allo.

Mai hankali zai aika kasuwa a sayo masa alif. Ni na ga wannan ƙasƙanci ne, ko mai sayar da koko ta iya. Tunda na san alminiyam biyu ne da salfa uku, me zai hana in haɗa nawa da hannuna, in ce wa sufeto a nan makarantar muka yi shi?

Maigidana yana zuwa kasuwar Shinkafi duk Alhamis, na ce ya sayo mini farar wuta. Yana ɗaura hula ya ce, "Ko in biya wurin malamin nan in tambayo miki yadda aka yi?" Na ce idan ya biya, kada ya dawo mini da farar wutar, ya kai wa malamin ya koyar da ajin daga can. Ya kama hanyarsa. Mutum ne mai son zaman lafiya, kuma ya san ni.

Alminiyam kuwa sai wurin masu zubin tukwane a bayan kasuwar Kaura. A lokacin an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, motar mata kuma sai ka yi sa'a, don haka da ƙafa na taka ranar Asabar, cikin taɓo, ina riƙe da bakin zane. Na sami wani dattijo yana goge sabuwar tukunya da zarto, garin ƙarfen yana zuba a gabansa. Su dalma suke ce masa. Na gaishe shi, na ce ina son garin nan mafi laushi, kuma ina son ya haɗa mini shi da farar wuta a wutarsa.

"Magani za a yi, Malama?"

"Alif za mu yi, Baba."

Ya dube ni, ya dubi ƙullin farar wutar. "Alif ai ga shi can ga 'yan koli."

"Wancan na kasuwa na. Wanga na kimiyya."

Ya ce to, ilimi ya fi gaban gardama. Ya zuba ɗan kaɗan a wani kaskon ƙarfe, ya tura cikin garwashi, ya kama zuga-zugi. Da farko farar wutar ta narke tana wani shuɗin harshe mai shaƙe maƙogwaro. Ina shirin in ce ya ƙara wuta, sai abin ya yi wani fau, haske ya tashi fari fat, tartsatsi ya watsu. Dattijo ya yi baya da mazaunai, ni kuma ban san lokacin da na tsallake tukwane uku ba. Da hayaƙi ya lafa, gefen gemunsa ya ƙanƙance.

"Malama," ya ce yana shafa wurin, "wanga alif na ko albarushi?"

A cikin kaskon akwai wani ɗan dunƙule mai ruwan toka, bai fi goro ba. Ya ce shi dai tun da yake alif fari ya sani. Na ce ai bai ga ruwa ba tukuna. Ya jefa mini shi a gwangwanin madara, ya danne murfi, ya ce idan na tashi yin gishiri in nemi wani maƙerin.

Na ajiye gwangwanin a kan kabad a ɗakina. Washegari na fara jin wani ɗan wari yana zuwa yana wucewa, irin na ƙwan da ya lalace. Akwai wata kaza tawa mai taurin kai da ta saba shigowa ta yi ƙwai a ƙarƙashin gado. Na ja gado, na ɗaga tabarma, na kwashe kwalla da samira, ban ga komai ba. Maigidan ya tsaya a bakin ƙofa yana shanshana iska, ya ce, "Anya ba abin ga naki na ba?" Na ce tun da uwarsa ta haife shi ya taɓa jin alif ya yi wari? Ranar Litinin na yanke wa kazar hukunci, babu shaida babu mai kare ta, ni 'yar alƙali. Aka yanka ta muka ci da shinkafa, warin bai fasa zuwa ba.

Talata ta zo da ruwan safe da iska, aka rufe tagogin ɗakin gwaji. Sufeto ya iso wajen ƙarfe goma. Dattijo ne fari siriri, da babbar riga fara da ta sha guga, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Aka ajiye masa kujera a gaba, dab da teburina, Hajiya ta zauna kusa da shi. Yara goma sha tara suka jeru a kan benci cikin fararen hijabai. Maigadi ya riga ya ɗebo mini ruwan gulbi a babbar kwalba mai faɗin baki.

Gaskiya farkon darasin ya yi kyau, wannan ko maƙiyina zai faɗa. Na zana alminiyam da hannuwansa uku, na zana salfa da biyu, na yi musaya, na ƙirga shida da shida. Sufeto yana gyaɗa kai yana rubutu. Na ɗaga kwalbar na nuna masa jan ruwan, na ce yanzu zai ga aikin alif ɗin da muka haɗa da kanmu. Na buɗe gwangwani, na yi bisimilla, na jefa dunƙulen.

Ruwan ya fara 'yan ƙananan kumfa. Na juya allo ina ƙarin bayani, don in ba shi lokaci ya kwanta. A nan warin ya iso ni.

Wanda bai ji ba ba zai gane ba. Ba ƙwai ɗaya ba ne, kwando ne guda da aka manta da shi a rana. Kuma kowa ya san tarbiyyarmu: irin wannan wari idan ya tashi a gaban babba, ba a ji ba, ba a gani ba, kowa ya kama kansa. Ni dai Allah ya yafe mini, sufeto na fara zargi. Na ce a raina tsufa ne, ga doguwar tafiya a mota, Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya. Har na ɗaga murya ina ta zuba bayani don in rufa masa. Da na saci kallo sai na ga Hajiya ta kafe 'yan layin gaba da harara, tana neman mai laifi. Shi kuma sufeto ya ɗan karkatar da kujerarsa nesa da Hajiya, yana dubanta da tausayi. Yaran suka ja hijabi suka rufe hanci, idanu kawai ake gani, babu wadda ta yi tari.

Mun kai minti biyu a haka, mutum ashirin da biyu, kowa yana rufa wa wani asiri. Sai na waiwaya na ga kwalbar. Ruwan bai kwanta ba, ya koma kamar an dama koko da jar ƙasa, kumfa yana tasowa daga ƙasa yana fashewa a sama, kuma daga nan abin yake fitowa. Na tuna kazata.

"A buɗe tagogi," in ji sufeto, hannun riga a kan hanci. Ya ɗan jira, ya ce, "Kai, a hita dai."

Muka fita muka tsaya a gindin bishiyar dogon yaro, ruwa yana ɗiga daga ganye. Daga baya na san iskar nan guba ce idan ta yi yawa, ƙanƙantar dunƙulen ce da rufin asirin Allah suka cece mu. A lokacin ba wannan ne a gabana ba. Abin da ke gabana shi ne littafin da ke hannun sufeto, da yara goma sha tara da na kashe wa aji da hannuna, saboda na ƙi aikawa Shinkafi a tambayo mini.

Sufeto ya share hawaye da gefen rawani. "Ɗiyata," ya ce, "shekarata sittin da wani abu ina shan ruwan da anka sa ma alif. Ban taɓa jin ya yi haka ba. Mi ya hwaru?"

Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, sai ga ni na sunkuyar da kai ina kallon yashi. Hajiya tana dubana, murmushinta yana narkewa.

Sai monita ta ɗaga hannu. "Ranka shi daɗe, a ba ni izini in yi bayani?"

Ya ce bisimilla. Ta tsinci kara, ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen yashi, ta rubuta Al₂S₃ a hagu, ta rubuta Al₂(SO₄)₃ a dama.

"Ranka shi daɗe, Malama so taka yi ta gwada muna bambanci. Wanga na hagu shi na salfayid, alminiyam da salfa tsuransu, babu oksijin. In yag gamu da ruwa sai shi saki iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ita munka shaƙa. Wanga na dama shi na salfet. Cikin baka akwai salfa guda da oksijin huɗu, sun zama ƙungiya guda mai hannu biyu, shi ya sa anka sa uku bayan baka. Shi na alif na gaskiya, mai kwantar da laka. In oksijin uku na cikin baka, sai a ce salfayit. Wutsiyas suna ita ka hwaɗa maka ko akwai oksijin, da kuma nawa na."

Ta miƙe, ta kakkaɓe hannu, ba ta dube ni ba. "Mutane na rikita su, ranka shi daɗe. Amma wanda yash shaƙi salfayid sau guda ba shi sake ce mai salfet."

"Haka na?" sufeto ya tambayi sauran.

"Haka na!" suka amsa baki ɗaya, kamar sun yi wata suna bita.

Ya jefa musu tambayoyi biyu uku, ya nuna wannan ya nuna waccan, kowace ta amsa. Ni ina tsaye ina karanta yashi, ina jin darasin a karo na farko a rayuwata. Ya dube ni ya daɗe, irin duban da ban san abin da ke bayansa ba har yau, sannan ya yi dariya ya buɗe littafinsa.

"Na zagaya tun daga Shinkahi har Zurmi," ya ce wa Hajiya, "ko'ina hwaɗa mini kemistiri aka yi. Nan kaɗai nish shaƙe shi. A bar ajin ga." Ya rubuta, ya sa hannu. Kafin ya shiga mota ya nemi buta, ya ce zai sake alwala don kore shakka.

Hajiya ta rungume ni a gaban ofis, ta ce ashe haka nake ban taɓa nunawa ba, sai dai nan gaba in riƙa yin irin wannan a fili. Malamar lissafi ma ta ce sannu. Wannan sannun da na yi mako uku ina jira, da ta zo ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Na zame na koma ɗakin gwaji.

Yaran sun buɗe tagogi duka, sun kai kwalbar bayan katanga sun zubar, suna goge teburi. Da suka gan ni suka koma kan benci. Na tsaya a bakin allo, fomulata tana nan a rubuce da kalmar alif a ƙarƙashinta, da hannuna.

"Tun yaushe kunka sani?" na ce.

Suka dubi juna. Na ce da monita nake.

"Tun ranar hwarko, Malama. Malam ya koya muna shi tun muna aji huɗu."

"Dukanku?"

"Dukanmu."

"To abin da nika hwaɗi kuna rubutawa hwa?"

Wata 'yar ƙarama daga baya ta ce, "Da hensir muka rubuta naki, Malama." Ta gefenta ta zungure ta.

Raina ya ɓaci, irin ɓacin ran wanda ya san shi ne marar gaskiya. Na ce wato sun zauna mako biyu suna kallona ina zuba shirme, sun mayar da ni abin dariya a ɗakin kwana. Na ce wace irin tarbiyya ce wannan, a ga babba zai faɗa rami a yi shiru? Me ya hana ko ɗaya ta ɗaga hannu?

Monita ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Da ta yi magana, muryarta a ƙasa take.

"Ba mu taɓa yi miki dariya ba, Malama. Shawara munka yi. Mun san halinki, in munka gyara miki gaban aji kina iya hushi ki aje allin. In kin aje, babu wadda za ta ɗauka. Duk makarantag ga ke ɗai kika yarda ki shigo muna."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Ni ina ganin ni ke riƙe da ajin, ashe yara ne suke lallaɓa ni kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai, kowace safiya suna addu'a kada in yi zuciya. Hawaye suka zubo mini a gabansu, ban ma yi ƙoƙarin cewa warin ne ba.

Na ɗauki tsumma na goge allon tas. Na miƙa wa monita allin, ta ƙi karɓa, sai da na kama hannunta na danƙa mata. Na zagaya na zauna a kan benci, a tsakanin 'yar Zurmi da 'yar ƙaramar nan ta baya, gwiwoyina suna dukan teburi.

"Hwaro daga hwarko," na ce. "Kuma in ban gane ba, zan tambaya, kak ki ji kunyata."

Ta tsaya gaban allo da alli a hannu. Na juya wurin ta kusa da ni na ce ta yago mini takarda, ta kuma ara mini abin rubutu. Ta buɗe jaka ta ɗauko fensir, ta dube shi, ta dube ni, ta mayar, ta ba ni biro.